Kafin Ki Kai Tumakinki Kasuwa

Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata 'yar taƙaddama ce da ta shiga tsakanina da ƙanwata da ke aure a Shinkafi, a kan kwamfutar cinya, wato wadda yara ke ce wa laftof. Na san wata za ta ce ina ruwan matar aure da zancen kwamfuta, ga tukunya a wuta ga goyo yana kuka. To ki yi haƙuri ki karanta, don kuwa a yanzu da wuya ki shiga unguwa ba ki tarar da ita a ɗakin wata ba, ko ta maigida, ko ta ɗiya mai karatu, ko ta uwargida mai sana'a. Kuma in kuɗin canza ta ya tashi, sau da yawa a kan akuyar mace ko ɗan kunnenta ko kwasar adashenta maganar take ƙarewa.

A ƙarshen shekarar 2025, ana tsakiyar hazo, sai ga wayarta da sassafe ko kumallo ban karya ba. Muka gaisa sama-sama, sai ta ce, "Yaya, wagga kwamfuta tawa ta ƙare." Na ce, "Subhanallahi, mi yas same ta? Faɗuwa ta yi ko ruwa ya shiga?" Ta ce a'a, lafiyarta lau, tana kamawa tana aiki, sai dai nauyi da take yi, ga kuma wani rubutu da ke fitowa a fuskarta wai wa'adinta ya cika. Ta aika an tambayo wani yaro mai shago a Gusau, ya ce ai kwanan nan za ta rufe kanta ɗungurungum, amma yana da wata mai suna Core i7, in ta kawo tsohuwar ta yi ciko sai ya ba ta. Na ce, "Cikon da mi?" Sai ta yi shiru, can ta ce, "Tumakina zan kai kasuwa ran Alhamis."

Tumakin nan uku ne, kuma na san asalinsu. Daga 'yar tunkiya guda da Inna ta ba ta ranar tarewa suka yaɗu, su ne ke haifa mata ragon da take sayarwa duk gabanin babbar Sallah ta yi wa yara ɗinki. Da na matsa mata da tambaya sai gaskiya ta fito. Ashe wata aminiyarta ce ta Zurmi ta zo biki da wata sabuwa, siririya kamar faranti, mai launin azurfa, ta buɗe ta a tsakar gida tana nuna hotunan amarya, mata suka yi mata rumfa. Tun ranar ƙanwata take ganin tata kamar dutsen niƙa.

Wannan hali namu ba yau ya fara ba. Iyayenmu sun yi jeren ƙorai, aka zo aka ce ƙwarya ƙauyanci ce sai kwalla da langa, daga nan aka koma samira, aka koma tangaran, gado mai rumfa aka kai shi zaure aka shigo da na katako. Kowane zamani akwai wadda ta sayar da abin da ke kawo mata kuɗi don ta sayi abin da za a gani a ce madalla. Ban ce ado laifi ba ne, ni ma ina son kaya mai kyau. Amma kwano in an jera shi ya gama aikinsa. Kwamfuta kuwa dangin keken ɗinki ce da injin taliya, ba a tambayar ƙyallinta, aikin da take fitarwa ake tambaya. Wace tela ce za ta yar da kekenta mai ɗinki sumul don kawai fentinsa ya koɗe?

Bari mu fara da rubutun da ya tayar mata da hankali, don akwai gaskiya a cikinsa, ita ce mai shago ya lulluɓe da ƙarya. Manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin da ke hannunmu sunanta Windows 10, kamfanin Microsoft na Amurka ne ya fito da ita a 2015. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina aiko mata da gyaran tsaro na kyauta da ya saba aikowa ta intanet duk wata, sai dai wanda ya yi rajistar wani ƙarin wa'adi da aka ba masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ma'anar wannan ita ce, in ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar ɓaraka, ba mai zuwa ya toshe. Kamar gida ne da maigadi ya ajiye aiki. Gidan bai rushe ba, ɗakuna suna nan, rijiya tana nan, sai dai kwana da ƙofa a buɗe ya zama ganganci. Amma batun wai za ta rufe kanta, wallahi babu shi. Ko Windows 7 da aka daina kula da ita tun Janairun 2020, har yau akwai shagunan da ke buga takardu da ita.

To ke 'yar uwa, sai ki tambayi kanki, sau nawa kwamfutarki take leƙa intanet ɗin? Ni dai a nan Ƙaura Namoda sana'ata buga wa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya takardunsu na kammala karatu, makarantar da ke garin nan tun 1983. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, mun yi makonni ko gaisuwa ba ma iya aikawa. Amma ko kwana guda kwamfutata ba ta huta ba. Yara suna kawo rubutun hannu, ina bugawa, ina zuba masu a filashi. A lokacin na gane cewa kaso mafi yawa na aikina ba ruwansa da intanet. Ita ma ƙanwata haka, lissafin bashin atamfa da turaren wuta take rubutawa, sai ɗiyarta da ke gwajin tambayoyin JAMB, tunda daga 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Gwajin nan kuwa danna A ne ko B ko C ko D. Tsohuwar kwamfuta ma ba ta san ta yi aiki ba.

Inda na fi jin haushi shi ne zancen Core i7, don ni ma an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa da wannan suna. Shekarun baya na sayar da kekena na ɗinki na haɗa da kwasar adashe, na ba wani direba saƙo ya karɓo mini wata a wani shago, wai i7 ce, babbar yaya. Cinikin biri a sama ke nan. Ta zo da tambari yana ƙyalli, na yi ta murna, kwana biyu sai na ga batir ba ya kai minti ashirin, ƙasanta kuwa zafi kamar kaskon waina. Wata ɗalibar sashen kwamfuta da ke haya a maƙwabtanmu ta shigo, ta danna nan ta danna can, sai ta kwashe da dariya ta ce, "Anti, wannan ai ta girmi autarki." Ita ta koya mini abin da zan faɗa maki yanzu, kuma ki riƙe shi da kyau.

Wannan i3 da i5 da i7 da kike ji, sunan gida ne kawai na ƙwaƙwalwar da kamfanin Intel ke ƙerawa, ba ya gaya maki shekaru. Shekarun suna cikin lambar da ke biye da shi. In kin ga an rubuta i7-3520M, wannan 3 ɗin na farko yana nufin zubi na uku, wato ƙirar 2012. In kin ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, ƙirar 2017. Ta farkon ma'aikata biyu ne a cikin ƙwaƙwalwarta, ta biyun huɗu. Wato i5 ɗin nan ta fi waccan i7 ƙarfi, ta kuma fi ta ririta batir. Mai shago ya san haka sarai, amma ya san mu kuma da jin bakwai mun ɗauka ta fi biyar. Dokin mai baki ya fi gudu.

Kuma wannan lamba ita ce ke raba gardama a kan sabuwar manhajar, Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021. A ƙa'idar kamfanin, in ƙwaƙwalwar Intel ce, daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa, ban da wasu 'yan tsiraru, sannan sai da wani ɗan makullin tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara suna da dabarar tura ta ta taga a cikin tsohuwar da ba ta cancanta ba, ki buɗe ki ga Windows 11 ɓaro-ɓaro ki ɗauka kin tsira, alhali kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyara ba. Da na sa aka karanto mini lambar wadda yaron Gusau yake son ba ƙanwata, zubi na huɗu ce. Tata ta gida zubi na shida. Jama'a ku ji fa, ta ba da tumaki uku da kwamfutarta, ta karɓo wadda ta girmi tata!

Ai dama yawancin abin da muke kira sabuwa a nan ba sabuwa ba ce, tokumbo ce. Ofisoshin Turai da Amurka ne ke amfani da su 'yan shekaru su sallame, a zubo su Legas, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan su hauro Kano, titin Beirut, su gangaro Gusau. Ba aibi ba ne, da yawansu irin su HP da Dell da Lenovo na ofis sun fi wasu sababbin cikin kwali ƙarko. Aibin shi ne a goge ta da man gashi a ce maki jiya ta sauka daga jirgi. Ga shi kuɗin ba na wasa ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haye 1,500, duk abin da ke ƙetaro teku ya bi ta. Ban ga tunkiyar da ta yi irin wannan tsalle ba.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ainihin ciwon. Kwamfutar da ke ɗaukar lokacin tafasar shayi kafin ta buɗe, galibi ba ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa ba, rumbun ajiyarta ne. Tsohon rumbu faifai ne a ciki yana juyawa kamar garmaho, sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura tana bin sa tana laluben abin da kika ajiye. Akwai sabon iri da ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, tamkar ma'ajiyar wayarki. A cire wancan a sa wannan, aikin da bai kai awa guda ba in ban da zuba manhaja, sai ki rantse an canza maki kwamfuta. In kuma RAM ɗinta 4 ne, wato faifan da take shanya aikin da ke hannunta, a ƙara ya zama 8. Tsofaffin suna da gurbin ƙari, marfi kawai ake kwancewa. Da yawa daga cikin siraran nan na yayi kuwa an like nasu da dalma, yadda kika saye ta haka za ki mutu da ita.

Sauran kuma laifinmu ne. Muna ɗora ta a kan katifa ko filo, mu toshe mata hancin da take shaƙar iska. Ƙurar hunturu ta shiga fankarta ta yi dabaibayi kamar audugar rimi. In ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, mu kuma mu ce ta tsufa. Ki samo faranti ko ɗan katako ki riƙa ɗora ta, ki kai a buɗe a share fankar ko sau ɗaya a shekara bayan hazo ya wuce. Caja kuma in ta mutu, kada ki sayi ta bakin tasha don araha, musamman ke mai jona wa a janareta. Na ga wadda cajar banza ta kashe lokaci guda, da takardun ɗalibai shida a ciki. A nan ma bari in ce, duk abin da kike tsoron rasawa ki kwafe shi a filashi tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma iyayen gida maza su karanta wannan su samu sandar dukanmu, su ce ai kun ji, da tsohuwar zuma ake magani. Su ma ina da magana da su. Akwai maigidan da zai canza wayarsa sau biyu a shekara, amma ɗiyarsa tana jami'a a Gusau ko Sakkwato da kwamfutar da sai an tokare murfinta da bulo, in ta yi magana ya ce ai tana kamawa. Kamawa daban, aiki daban. Yarinyar da ke karatun zanen gine-gine ko injiniyanci, manhajojinsu irin su AutoCAD suna son ƙarfi, tsohuwar zubi na uku sai dai ta yi ta nishi. Matar da ke shiga asusun banki ta kwamfuta, ko take cika wa mutane fom da lambobinsu na sirri, ba ta da hujjar zama a gidan da ba maigadi, amanar mutane ce a hannunta. Mai Windows 7 ma tun farkon 2023 manhajar Chrome ta daina sabunta mata, shafuka da yawa sun fara juya mata baya. In batir ya kumbura har ya ɗaga madannai, a cire shi a ranar, don yana iya kamawa da wuta. In kuma babban allon cikinta ne ya ƙone, ko kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wata mai kyau, to a yi mata sallama, jinyar ta isa.

Abu guda da ba zan ƙwace wa sababbin ba shi ne batir. Aminiyar nan ta Zurmi tana iya wuni da tata a caji guda, mu kuwa namu awa biyu an yi ƙoƙari. A garin da wuta take zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da ƙanwata ta kawo wannan hujjar sai da na yi shiru. Sai dai na tuna mata cewa maigidanta yana da sola a shago, cajar laftof kuwa yawanci wat 45 ce zuwa 65, ba ta kai rabin rabin dutsen guga ba. Na kuma tambaye ta, ranar da siririyar nan ta fashe fuska, wa zai gyara a Shinkafi? Sai an aika Kano ko Legas a jira, ko kuwa ita ta ɗauko hanya zuwa Gusau. Ke kin san yadda hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura ta zama a shekarun nan, mutum ba ya hawanta sai da dalili da addu'a. Irin tata ta ofis kuwa, kayan gyaranta suna nan jibge a akwatin kowane mai gyara.

Ɗalibar nan ta kuma nuna mini wata hanya da ban san da ita ba. Akwai manhajoji na kyauta irin su Linux Mint da ake zubawa a tsohuwar kwamfuta a madadin Windows, suna samun gyaran tsaro, ba su da nauyi. Na gwada na sati biyu. Shiga intanet lafiya lau, amma takardun ɗalibai in na buga suka kai wani shago bugawa sai layuka su ɗan goce, malamai kuwa ba sa yafe wannan. Na koma inda na fito. Ga mai kallo da karatu da lissafin gida dai, ban ga aibinta ba.

Mun fi awa guda a waya, katina ya ƙare ta kira, nata ya ƙare na ari ta maigida. Har fushi ta yi, ta ce, "Ke dai Yaya ba ki son a ga mutum da abin kirki." Na ce, "Awo, na ji. Amma ki ba ni sati guda kafin Alhamis ta sama." Ta naɗe ta cikin zane ta sa a tsakiyar buhun shinkafa, ƙanen mijinta ya kawo mini. Na kai wa mai gyara na zauna a kan benci ina kallo, don ban yarda a shiga da ita ciki ba. Da ya buɗe fankar, abin da ya fito sai da muka toshe hanci. Ya sa SSD, ya ƙara RAM, ya sa sabon batir, ya mayar mini da tsohon rumbun a leda na ajiye mata. Duka kuɗin bai kai na tunkiya guda ba, daga cinikin turarenta ta biya. Na ce mata lissafi da gwajin jarrabawa ta yi ta yi a kai, harkar banki kuwa ta bar wa wayarta.

Ni ce ma yanzu ke da aiki a gabana. Tawa zubi na uku ce, ɗalibai kuma sun fara cewa in cika masu rajista ta intanet, ga lambobinsu ga hotunansu, kuma ban iya kallon idonsu in yi wannan a kanta. Na shiga adashen mutum goma, kwasata ce ta bakwai. In ta zo da kaina zan je, da takarda a hannu na rubuta lambar da nake nema, 8 ko sama da haka, kuma sai an kunna ta a gabana an cire caja mun zauna na ga yadda batir yake sauka. Tsohuwar kuwa autata ta riga ta yi kamu, wai a kanta za ta koyi bugu da yatsu goma.

Shekaranjiya ƙanwata ta kira, na ɗauka wata matsalar ce. Ashe babbar tunkiyar ce ta haifi tagwaye, duka maza. Sai da muka gama murna sannan ta ce, "Yaya, amma dai ba a samun ɗan murfi mai launin azurfa da za a lika mata a baya?"